Jakar Dariya da Ƙafafun Habu

Ni wanzami ne ɗan wanzami, haifaffen Gaya, na saba da jini tun ban san ciwon kaina ba, kuma ba kowane abu ke razana ni ba. Amma har yau in na ji babban mutum ya tuntsire da dariya alhali ba wanda ya ce masa komai, sai tsikar jikina ta tashi. A wani tsibiri da ake kira Malta na ɗauko wannan, can tsakiyar bahar, inda ban taɓa niyyar zuwa ba.

Mu biyu muka fita da nufin hajji, ni da Habu. Habu ɗan gwaggona ne, mahaifinsa malami ne a Toranke, shi ma ya haddace tun bai yi gemu ba. Taubasai ne mu, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" nake ce masa. Shi kuwa kullum "mai aska" yake ce mini. Ba ya kiran sunana Tanko sai in abu ya ɓaci.

Ayarin fataken fata da gashin jimina muka bi, ta Agadas da Gat. Ni ina yi musu aski da ƙaho, shi yana ja musu salla. A hamadar nan na san Habu ƙafa gare shi. Raƙumi ya gaji, shi bai gaji ba. Da sassafe, kafin rairayi ya ɗau zafi, sai ya cire takalmi ya rataya a wuya yana tafiya haka nan.

"Bawana, kunama kake nema?"

"Rabu da ni, mai aska. Sanyin nan kamar gonarmu in an yi ruwan shuka. Kamar dai, amma bai kai ba."

Hirarsa ke nan duk tsawon hanya. Ba fura yake kewa ba, ba tuwon gwaggo ba. Shuka yake kewa: malam a gaba yana sara da sungumi, shi a baya yana jefa gero yana rufewa da ƙafa, danyar ƙasa tana kutsawa tsakanin yatsunsa. Ya ce ranar da Allah Ya mai da mu, kafin ya shiga gida sai ya fara taka gonar nan. Na ce kai dai da ganinka bawa ne, an kai ka ɗakin Allah kana mafarkin sungumi.

A Turabulus aka cuce mu. Wani mai jirgin ruwa ya dafa ƙirji ya rantse cewa kai tsaye Iskandariya za shi, daga can Makka ba nisa. Muka shiga. Ashe sai ya biya ta Malta ya sauke kaya. Da muka isa, masu tsaron bakin ruwa suka ce ana jin ƙishin-ƙishin annoba a Turabulus, suka kulle duk fasinja a wani gidan dutse har sai an ga ba mai ciwo. Ranar da aka buɗe mana ƙofa, jirgi ya daɗe da tafiya. Da shi da buhun kilishinmu da dakakken geronmu. Allah Ya isa, har gobe ban yafe wa mutumin nan ba.

Malta gari ne na dutse tsantsa. Gida dutse, hanya dutse, ba inda za ka sa ƙafa ka taka ƙasa. Ƙararrawar majami'unsu ba ta hutawa. Mutanen Nasara ne, amma harshensu kamar Larabcin da aka tauna aka tofar, Habu na tsintar rabinsa. Wata tsohuwa mai sayar da gurasa a bakin ruwa ta gan mu zaune a rana, ta yi ta kallonmu, can ta miƙo mana gurasa mai zafi. Da muka yi godiya sai ta nuna sama ta ce "Alla", ga gicciye rataye a wuyanta. Iya Gurasa muka sa mata. Ita ta ba mu wani ɗaki a ƙarƙashin matakalar gidanta, inda wasu mahajjata Magaribawa suke, su ma jirgi ya zubar da su.

Abinci ya zama mana aiki. Naman garin ba yankan Musulmi ba ne, ga alade rataye a kowace kasuwa. Ni dai in Iya ta ba ni kifi sai in ci, in ta ba ni nonon akuya in sha. Habu kuwa ina! Kifin bahar ƙarninsa na tayar masa da zuciya, nono kuma ya ce bai san a wace ƙwarya aka tatsa ba. Gurasa da dafaffen wake, safe da yamma, wata da watanni. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi.

Ina yi wa wani matuƙin jirgi ƙaho a bakin ruwa sai wani Banasare dogo ya tsaya a kaina. Ya duba hannuna, ya yafuto ni. Mai cire haƙori ne, ba ɗan garin ba, shi ma baƙo ne daga wata ƙasa. Sunansa ya ƙi zama a bakinmu, sai muka sa masa Mai Awartaki. Aikina in riƙe kan mai ciwo, in wanke jini.

A gidansa na fara ganin jakar. A ɗakin baya yana da wasu kwalabe da bututu, yana dafa wani farin gari a kan wuta, abin da ya fito ba hayaƙi ba ne, ba tururi ba, ba ka ganinsa sam. Sai ya tara shi a wata baƙar jaka mai kama da salka, da bakin itace. Mai ciwon haƙori ya kama bakin ya yi ta zuƙa. Fuskarsa ta yi toka, leɓɓansa su yi shuɗi kamar ya tauna baban rini, idonsa ya juye. Nan da nan Mai Awartaki ya fizge haƙorin ya janye jakar. Mutum ya farfaɗo yana tambaya yaushe za a fara. Wallahi na yi sha'awar abin. Na tuna mutanen da na danne a Gaya suna ihu. A wurin aikinta, da mai lura tsaye a kai, jakar nan rahama ce.

Amma da la'asar wani abu ake yi da ita daban. Mai Awartaki yana jera kujeru a tsakar gida, matuƙan jiragen ruwa da samarin gari su cika wurin, a yi ta miƙa jaka. Wannan ya zuƙa ya kama rawa, wancan ya naushi bango, wani ya zauna daɓas yana dariya miyau na zuba. Dariyar ba irin tamu ba ce. Baki ne kawai ke yi, ido a mace. Kafin ka tauna goro ta sake shi, ya miƙa hannu yana neman ƙari.

Ni na kai Habu gidan, don ya samu abin sawa a baka. Da farko aikinsa ya tsaya a ƙofa yana kiran mutane da Larabcinsa. Sai Mai Awartaki ya lura taro ya fi cika in an ga baƙin mutum da rawani. Ya ce Habu ya riƙa buɗe wasan da zuƙar farko. Habu ya ƙi. Ya shinshina jakar, ya tambaya ko da giya a ciki, aka ce babu. Ko da wani ganye, aka ce babu. Ya yi kwana da kwanaki yana juya abin a ransa. Wata la'asar ina wanke awartaki sai na jiyo wata dariya daga tsakar gida, muryar na sani, dariyar ban sani ba.

A hanyar gida ya kama hannuna.

"Mai aska, na je Toranke."

"Ka je ina?"

"Wallahi na je. Ga malam a gabana da sungumi. Na ji ƙasar a ƙafata, da sanyinta, da komai. Ban kai ƙarshen kunyar gonar ba aka dawo da ni."

"To bawana, gobe in ka koma ka gaishe mini da gwaggo, ka taho mana da daddawa."

Muka yi dariya. A lokacin abin wasa ne.

Azumi ya same mu a can, cikin bazararsu, rana ta ƙi faɗuwa. Wata rana da azahar na shiga ɗakin baya na tarar da shi tsugune, ya tattara jakunkunan da aka yi aiki da su da safe yana zuƙe abin da ya rage.

"Habu! Da azumin a bakinka?"

Da ya dawo hayyacinsa sai ya gyara zama kamar zai ba da karatu.

"Me na ci? Me na sha? Ba ruwa ba ce, ba hayaƙi ba ce, ba ta da jiki ba ta da ƙamshi. Iska ce. In iska na karya azumi, to kowane mai numfashi ya sha azuminsa."

"Ai tana ɗauke hankali."

"Gyangyaɗi ma yana ɗaukewa. Kai dai tsaya a askarka."

Ni ba malami ba ne, sai na kai maganar ɗakinmu. Wani tsoho cikin Magaribawan ɗakinmu ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa duk abin da ke rufe hankali a bar shi, ko ta hanci ya shiga ko ta kunne. Habu ya jawo masa nassi kan nassi har tsohon ya haƙura. Mutumin da ya ƙi nonon Iya saboda ƙwarya, shi ne wannan. Iskar nan tana kashe masa yunwa, tana kai shi gida, kuma ya ba kansa fatawa. Daga zuƙa ɗaya a gaban taro ta koma safe da rana da yamma. Mai Awartaki ya sani, bai hana ba, tunda ta nan yake riƙe da shi.

Bayan salla ƙarama ya fara cewa tururuwa na yawo a tafin ƙafarsa. Na duba, ba komai. Na ce dutsen garin nan ne da sanyin bahar. Sannan alƙalami ya fara suɓuce masa. Sannan wata rana muna hawa matakalar kasuwa wani yaro ya biyo mu da gudu da takalmi ƙafa ɗaya a hannu. Na Habu ne. Ya yi tafiya mai nisa ba takalmin, bai sani ba.

"Bawana ya fara zubar da kaya," na ce. Ya yi murmushi, amma bai rama ba. Habu bai taɓa barin tsokana ta wuce shi ba.

Abin da ya fara tayar mini da hankali alwala ce. Yana tsugune da buta, lafiya ƙalau, da ya rufe ido zai wanke fuska sai ya kife gefe guda kamar an ture shi. Ya tashi, ya sake, ya sake kifewa. In idonsa na kan ƙafarsa ya san inda take. In ya rufe, sai ya ce kamar an yanke shi daga gwiwa an bar shi a sarari. Ranar kuma da ya ja mu sallar magariba ya tsaya cik a tsakiyar surar da yaran makarantar babansa ke rerawa a wasa, sai da tsohon nan ya ɗora shi.

Na yi abin da na iya. Na ce sanyi ne ya kwanta a jijiya. Na yi masa ƙaho a ƙwauri, jini ya fito garau, ba baƙi ba. Da bai yi ba sai na ce a yi lalas, wato a gasa ƙarfe a ɗora a wurin ciwo don jijiya ta farka. Iya ta ara mini murhunta. Da hantsi ne, Magaribawa suka zagaye mu, biyu suka zo za su danne shi, ya ce su bari. Ƙarfe ya yi ja. Na ce bismilla, na ɗora a bayan idon sawunsa.

Fata ta yi cuu, ƙauri ya tashi. Habu na kallon rufin ɗaki.

Magaribawa suka ɗau kabbara. Wannan ya ce bai taɓa ganin namiji irin wannan ba, wancan ya sumbaci kansa, suka ce lallai mutanen Sudan, wato mu baƙar fata, jarumai ne. A garinmu ma haka za a ce, ai abin yabo ne mutum ya sha wuƙar wanzami bai motsa ba. Amma ni na yi wa maharba lalas, na yi wa 'yan dambe. Namiji yana iya haɗiye ihu, yana iya riƙe fuskarsa. Babban yatsan ƙafa ba ya jin maganar kowa, dole ya harba. Hannuna na hagu yana riƙe da yatsan Habu. Ko motsi.

Ya sauko da idonsa ya dube ni.

"Tanko, ka ɗora ne?"

Na ce na ɗora. Na ajiye ƙarfen, mutane na ta yabonsa a kanmu.

Ranar na roƙe shi da girman Allah, da nonon gwaggo, ya bar jakar nan. Na ce duba matuƙin nan mai jan gemu da ba ya fashin zuwa wasan la'asar, dubi yadda yake jefa ƙafa yanzu kamar mai tsallake ruwa. Habu ya yi kuka ya ce ya bari. Ya yi 'yan kwanaki bai taɓa ba, ba ya barci, ba ya magana, sai faɗa. Sannan na sake tarar da shi a ɗakin baya.

"Can ne kaɗai nake jin ƙafata, Tanko," ya ce. "In na zuƙa ina jin ƙasar. A nan ba na jin komai."

Na ɗaga hannu zan mare shi, na kasa. Jakar ce ta cinye ƙafar, kuma ita yake bi ta ara masa.

Ba ni na raba shi da ita ba. Mai jan gemun nan ne, wata la'asar, ya karɓi jaka ya ƙi saki. Abokansa na tafi suna zuga shi. Ya zuƙa, ya zuƙa, bai tsaya ya shaƙi iskar Allah ba. Ya zame daga kujera da murmushi a fuskarsa. Taro na ta dariya, an ɗauka wasa ne. Ni na fara isa gare shi, na ga shuɗin ya wuce leɓe ya kai kunne. Muka girgiza shi, Mai Awartaki ya yi ta danna ƙirjinsa yana ihu da yarensu. Bai tashi ba. Kafin gari ya waye Mai Awartaki ya tattara kwalabensa ya hau jirgi, ko sallama.

Iya Gurasa ce ta fitar da mu. Tana da ƙane mai aiki a jirgin gawayi da ke zuwa Iskandariya, ta yi ta yi masa magiya har ya yarda in riƙa ɗibar gawayi a bakin kuɗin jirginmu. Ranar tafiya ta ƙulle mana gurasa a tsumma, ta durƙusa ta shafa ƙafar Habu tana hawaye tana faɗin abin da ba mu gane ba. Allah Ya saka wa matar nan, ban san sunanta na gaskiya ba.

A Masar ya samu naman yankan Musulmi, na tsare shi da hanta da ƙwai da nono kamar mai jego. Na lura ni da nake cin kifin Iya, duk da nakan shaƙi abin a wurin aiki, ba abin da ya same ni, sai na ce wataƙila jikin da ba shi da maiƙo iskar ta fi ci. A hankali hannunsa ya dawo, ya riƙe alƙalami. Haddarsa ma ta dawo, ya bi ta sura sura yana kuka. Ƙafa ce ta ƙi. Da sanda biyu yakan ja ta kaɗan, idonsa kafe a kanta.

Da muka isa Makka, a bayana ya yi ɗawafi. A bayana ya yi Safa da Marwa. Mutumin da ya ratsa hamada da ƙafa, raƙumi na nishi shi yana waƙa. A zagaye na ƙarshe ya sa bakinsa a kunnena ya ce, "Yau dai ɗan namiji ya zama jakin bawa." Na yi dariya har na kusa yar da shi, don rabona da jin tsokanarsa tun Malta. Sannan ya ce, a hankali, azumin nan na Malta zai rama shi duka, fatawar da ya bayar ta son zuciya ce.

Hanyar dawowa ta gabas muka biyo, ta Darfur da Wadai da Barno, shekaru muka yi a kanta. Muna tafe muna tsayawa, ni aski, shi karantar da yara, har na samu jaki na ɗora shi. Duk mai magani da aka kwatanta mana mun je. An yi turare, an yi tofi, an yi shafi. Kowace damina ta same mu a wani gari sai ya ce kada in sauke shi a gonar kowa, yana ajiye abin ne sai Toranke. Ya sa a ransa ƙasar gida za ta tashe ta. Ni ma, don Allah, na fara yarda.

Muka shigo ƙasar Gaya da farkon damina. Ban tsaya gidanmu ba, na wuce da shi Toranke kai tsaye. An kwana ana ruwa, gari ya waye da ƙamshin ƙasa. Tun daga nesa Habu ya gane tsamiyar bakin gonarsu. Ga ƙannensa biyu can ciki suna shuka, ɗaya da sungumi ɗaya na binsa. Malam ba ya cikinsu, daga baya muka ji ya rasu tun muna Masar. Ba su lura da mu ba tukuna.

"Tsaya nan, mai aska. Cire mini takalmi."

Na cire. Na ja jakin har cikin gonar, inda ƙasa ta fi laushi.

"Zan rufe ido," ya ce. "Ba na son in gani, so nake in ji. Ka riƙe ni da kyau."

Na zagaya hannuna a ƙirjinsa ta baya, na ɗago shi daga kan jaki. Ba nauyi, duk ya zube. Na sauke shi a hankali. Ƙafafunsa suka nutse a danyar ƙasa har idon sawu, ta kutso tsakanin yatsunsa, ta rufe tabon lalas ɗin da na yi masa. Ɗaya daga cikin ƙannen ya ɗago kai, ya yar da sungumi, ya taho da gudu yana salati.

Habu na tsaye a hannuna, ido a rufe, fuskarsa a sama, yana murmushi yana jira.

"Haba Tanko, bar wasa," ya ce. "Sauke ni mana."